Zabirar Kawu Tanko

Tun da na dawo daga Saudiyya 'yan majalisarmu ta bakin kasuwa suka hana ni sakat. Wannan ya ce, "Hedimasta, ina dangin naka manya?" Wancan ya ce, "Ina rigar ƙwallon da ka yi mana alkawari?" Malam Bala kuwa kullum sai ya ɗage mini hula, ya leƙa tsakiyar kaina, ya fashe da dariya. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu kowa yana ƙara masa gishiri, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Duk wanda ya sake tambayata, takardar zan miƙa masa.

Bari in fara da abin da na daɗe ina ɓoyewa. Kakana na wajen uwa wanzami ne. Shekaru na yi ina shugabancin makarantar firamare a nan Malumfashi, ban taɓa faɗa wa kowa haka da bakina ba, Allah ya yafe mini. Kaka yana da wani salo nasa. Kowane wanzami daga goshi yake fara aski, shi kuwa daga bayan kunnen hagu yake farawa. In ya gama, sai ya juya askar, ya ƙwanƙwasa tsakiyar kanka da ƙotarta sau biyu, ƙwas, ƙwas, ya ce, "Tashi, ka yi sabon kai." Ina yaro ba abin da na tsana kamar wannan ƙwas ɗin.

Ɗa namiji ɗaya Kaka ya haifa, shi ne Kawu Tanko, yayan Inna. Yana saurayi ya bi ayarin masu zuwa Makka a ƙasa, bai sake dawowa ba. Labari ɗaya tak aka taɓa samu: wani alhaji ya ce ya gan shi a Jidda, can ana ce masa Hausawi. Da Kaka zai rasu sai ya miƙa wa Inna zabirarsa, da asake da ƙahonin a ciki, ya ce ta Tanko ce, ta ajiye masa.

Yanzu Inna ta haura tamanin, idon ma ya tafi. Ran da na gaya mata na biya kujerar Umra, sai ta laluba ƙarƙashin gado ta jawo zabirar.

"Mamman, ko ka ba Yaya Tanko, ko ka ba ɗansa," ta ce. "In ka dawo mini da ita, ban san abin da zan ce wa Baba ba in na je."

Na karɓa jikina a sanyaye. Amma da na kawo maganar majalisa, Malam Bala ya rubuta "Hausawi" a wayarsa, sai ga sunaye kamar an ɓalle buhun gero. Ga 'yan ƙwallo, ga likitoci, ga matuƙin jirgin sama, ga wani shehin malami na zamanin raƙuma. Duk Hausawi! Ni kuma a zatona sunan gida ɗaya ne. Nan take na miƙe zaune. Ashe mu manyan mutane ne ban sani ba! Na kwafe sunayen a takarda, na ɗinka shadda kala biyu, na yi wa 'yan majalisa alkawuran da suke bina da su har yau.

Daga nan zuwa Kano a mota muka tafi, mu huɗu a baya. Kusa da ni wani ɗan kasuwa ne mai surutu, yana ta tambayar abin da ke cikin ledar da na rungume. Na ce kayan gado ne. Ya ce zinari? Na yi shiru irin na mai zinari. A filin jirgi na tura ledar can ƙasan akwati, na danne ta da garin kuka da daddawar da matata ta ce in kai wa dangi.

Shiga jirgi kuma, ban ga komai ba sai bayan kujerar gabana, don idona a rufe yake tun daga tashi har sauka.

A filin jirgin Jidda aka ce in buɗe akwati. Jami'in, wani matashi mai fara'a, ya fara cin karo da daddawa. Ya shinshina, ya ja da baya taku biyu, ya dube ni da tausayi. Na ce masa da Larabcin Islamiyya, "Ta'am," wato abinci. Bai yarda ba, amma ya bar ni. Daga nan ya jawo zabira, ya zaro ƙaho ɗaya, ya ɗaga shi sama kowa na kallo. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Can sai fuskarsa ta washe.

"Hijama? Masha Allah, duktur!"

Wato ya gane kayan ƙaho ne, ya kuma ɗauka ni likita ne. Ban musa ba. Gaskiya ma daɗi na ji, kuma daga wannan daɗin ne duk wahalata ta taso.

Umra kam alhamdu lillahi. Da na ga Ka'aba na manta da takardata da shaddata, na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifina. Sai dai da aka zo aski, abokan tafiyata kowa ya yi tal kwabo, ni kuwa na ce a rage kawai. Ina zan je gaban manyan dangi da kai kamar ƙwarya?

Kwana biyar suka rage mini, na dawo Jidda na sauka a unguwar Hindawiyya wajen Alhaji Idi, surukin maƙwabcina. Mutumin Maraɗi ne, ya daɗe a can yana tuƙa motar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa sito-sito. Hausarsa gauraye take: Faransanci a farkon magana, Larabci a ƙarshe. Ɗaki ɗaya ya ba ni, da na'urar sanyaya ɗaki mai ƙara kamar injin niƙa. A waje rana tana narka kwalta, ni a ciki ina lulluɓe da bargo. Da safe maimakon koko da ƙosai sai ya ajiye mini wake dakakke mai mai, wai ful, da wani burodi mai faɗin faifai da suke ce wa tamis. Na ce ina cokali? Ya ce burodin shi ne cokalin.

Da na nuna masa takardata na ce duk dangina ne, sai ya ajiye kofin shayi ya yi dariya har da buga ƙafa.

"Bon, Malam, tashi mu je masallaci in nuna maka danginka."

Bayan an idar da sallar azahar mutane suna neman takalma, sai ya ɗaga murya ya ce, "Ya Hausawi!" Wallahi mutum bakwai suka waiwayo, har da ladan.

"Ka gani? A nan duk wanda kakansa ya fito daga ƙasar Hausa, haka aka rubuta masa a takarda. Bafillace Fallata, Babarbare Barnawi. Halas. To kawun naka mene ne aikinsa? Ta nan za mu bi."

Jama'a, nan ne na tafka kuskuren. Bakina ya buɗe zai ce wanzami, sai na tuna saurayin filin jirgi.

"Harkar lafiya yake yi," na ce. "Babban mutum ne."

"Dakor. To mu fara daga manya."

Gidan farko a Ammariyya yake, gidan zuriyar shehin malamin nan na zamanin raƙuma. Jikansa ne ya tarbe mu, dattijo mai farar jallabiya, ya rungume ni ya sumbace ni a kumatu dama da hagu. Mu da a gida hannu kawai ake bayarwa a dafa ƙirji, sai na tsaya ƙiƙam kamar an dasa ni. Aka shigar da mu falo mai ƙamshin turare. A bango ga zanen bishiyar asalinsu, sunaye reshe-reshe, mai gidan yana nuna mini da sanda: wannan alƙali, wannan mai rubuta littattafai, wannan limami.

Aka kawo gahawa a wasu kofuna ƙanana kamar murfin kwalba, ɗan kaɗan a ƙasa. Na ce a raina, kai, masu kuɗin nan da rowa! Na shanye na miƙa kofi, mai zubawa ya ƙara. Na shanye na miƙa, ya ƙara. A gida in ka ƙoshi ai kofin kake mayarwa, ashe a nan sai ka girgiza shi, in ba haka ba kana cewa a ƙaro ne. Alhaji Idi yana ta mintsinina a cinya, ni kuma na ɗauka yana nufin kada in kunyata mai gida. Kofi goma sha huɗu na sha. Da mai gidan ya kai reshen ƙarshe hannuna yana rawa, zuciyata tana bugawa kamar kalangu.

Na tambaye shi ko akwai Tanko a ciki. "Tanko?" ya ce. "La wallah, ya ustaz. Mu asalinmu Gwandu. Ba mu da Tanko. Amma kai ɗan'uwa ne, tafaddal, ka tsaya ka ci abinci."

Na ci shinkafa da naman rago har na kasa sunkuyawa in sa takalmi, amma ban samu kawu ba.

Washegari tsohon ɗan ƙwallo. Yanzu ya yi ƙiba, gwiwa ɗaya ta lalace, yana horar da matasa a wani fili. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa. Kakanninsa Hausawan Sudan ne, ba su taɓa jin sunan Malumfashi ba. Don kada in tafi haka ya ajiye mini ƙwallo ya ce in buga. Na tattare shadda, na zabura, na kai duka. Takalmina ya shiga raga, ƙwallo tana nan inda take. Matasan suka yi ta tafi. Mai neman rigar ƙwallo, wannan shi ne labarin rigarka.

Bayan shi mun je wajen wani mai shagon turare, da wani malamin jami'a da ya ce mu dawo mako mai zuwa, da wani da ya zaci taimako na zo nema. Kowace safiya kuma wayar Inna tana shigowa, jikarta tana riƙe mata.

"Mamman, ka gan shi?"

"Ana nan ana bincike, Inna."

"To. Kada dai ka bar zabirar a rana, fatar ta tsufa."

Ba ta ƙara komai, amma wannan "to" ɗin nata ya fi zagi zafi.

Rana ta huɗu muka je wajen likita, wadda na fi sa wa rai, tunda ai na ce harkar lafiya. Ba a ganinta sai an yanki kati, don haka na yanki kati na bi layi kamar maras lafiya. Mace ce mai kamar shekara arba'in, Hausarta a hankali take fita amma tsaf. Kafin in gama gaisuwa ta ɗaura mini abin awon jini a hannu. Ta dubi allon, ta dube ni.

"Baba, me kake sha haka?"

"Gahawa, 'yata."

"Ka daina. Da gishiri."

Na yi mata bayanin abin da ya kawo ni. Ta saurara da ladabi. Ta ce mahaifinta matuƙin jirgin sama ne, kakanta kuma shi ne shugaban 'yan dako a tashar jiragen ruwa lokacin da alhazai suke sauka ta teku, amma su daga Damagaram suka zo. Sannan ta ɗauki biro.

"Kawun naka a wane asibiti ya yi aiki? Zan tambaya maka."

Na dubi biron, na dubi bango. Na ce na manta sunan asibitin. Na fito da takardar magani a hannu, da wani nauyi a ƙirji wanda ba na hawan jini ba ne.

Rana ta ƙarshe ban fita ba. Jirgina washegari da safe ne. Na zauna a ɗaki da ledar a cinya, har shaiɗan ya raɗa mini in ajiye ta a wani masallaci, in je in ce wa Inna na ba ɗan Kawu. Makauniya ce, ina za ta sani? Na ji tsoron kaina da wannan tunani ya zo mini, har na yi ta istigfari.

Bayan la'asar Alhaji Idi ya leƙo.

"Malam, kanka ya yi zafi. Yalla, tashi mu je a sauke maka wannan sumar, ka sha iska. Akwai wani dattijo a bayan layin nan, Ammu Yusuf Barnawi, shi ke yi wa tsofaffin unguwa aski a ƙofar gidansa. Hannunsa sanyi."

Yanzu ba sauran wanda zan yi wa kwalliya, don haka na tashi. Na ɗauki ledar don ba na iya barinta. Lungu ne siriri, wayoyin lantarki sun sarƙe a sama, ga ƙamshin soyayyen kifi. Mai askin baƙi ne dogo, zai girme ni da kaɗan, yana zaune a kan kujerar roba da tsofaffi biyu suna hira da Larabci. Muka gaisa, ya nuna mini benci, ya yafa mini tawul. Ya jiƙa kan, ya shafa sabulu, ya wasa askar a tafin hannunsa. Na rufe ido ina jiran sanyin ƙarfe a goshi.

Sai na ji yatsu biyu sun lanƙwasa mini kunnen hagu. Askar ta sauka a bayansa.

Tsigar jikina ta tashi. Na ce a raina, Mamman, gahawa ce ba ta sake ka ba, yi shiru. Na yi shiru har ya gama, ina jin askar tana zagayawa ta ƙeya, ta hau sama, ta sauko goshi a ƙarshe, daidai hanyar da na sani tun ina ɗan shekara biyar. Ya goge kan da tawul. Sannan ya juya askar.

Ƙwas. Ƙwas.

"Tashi," ya ce da wata Hausa mai nauyin Larabci, "ka yi sabon kai."

Ban tashi ba. Na ce, "Bawan Allah, wa ya koya maka wannan?"

"Abuya. Babana, Allah yarhamu. Ya ce haka babansa yake yi."

"Yaya sunansa?"

"A takarda Ilyasu. Amma tsofaffi suna ce masa Tanko."

Alhaji Idi ya ce, "Barnawi fa, Malam!"

Mai askin ya yi murmushi. Ya ce babansa ya yi shekaru a hanya yana aski yana samun guzuri, daga Chadi har Sudan, a ƙarshe ya tsallako teku tare da wani ayarin Barebari. A tasha magatakarda ya tambayi shugaban ayari daga ina, ya ce Borno, sai ya rubuta wa kowa Barnawi, har da Tanko. A baki ana ce masa Hausawi, a takarda Barnawi, su kuma 'ya'yansa takardar suka gada.

Na kwance ledar, na ɗora masa zabirar a cinya. Na ce, "Ta kakanka ce. Ni ɗan Ladi ne."

Ya shafa fatar zabirar. "Ladi," ya ce. "Ƙarama. Wadda ta cije shi a yatsa yana yi mata aski? Tabon yana nan har ya rasu. Kullum sai ya nuna mana." Sai ya rungume zabirar ya kifa kansa a kai, dattijo guda yana kuka kamar yaro. Ni ma ban tsaya jin kunyar kowa ba.

Alhaji Idi ne ya katse mu. Ya riƙe ƙugu yana kallona.

"Wanzami? Kawunka wanzami ne? Haba Malam! Da ka faɗa tun ranar farko ai da ƙafa za mu zo, ko mota ba sai na tayar ba. Kwana biyar kana kwana a bayan gidan ɗan kawunka! Harkar lafiya, wai!"

Yusuf ya share ido ya tambayi abin da ya faru, aka fassara masa, har da gahawa da takalmi. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kai ɗan goggona ne, ni ɗan kawunka. Abuya ya ce akwai wasa tsakaninmu, ko?" Na ce ƙwarai, taubasai ne mu. Ya ce to zai fara daga yau, kuma ba ranar dainawa.

Na kira gida. Jikar Inna ta ɗauka ta kanga mata a kunne.

"Inna, na same su. Kawu ya rasu, an binne shi a nan Jidda. Ga ɗansa Yusuf, zabirar tana hannunsa."

Ta yi salati. Yusuf ya karɓi wayar ya gaishe ta, rabi Hausa rabi Larabci, ya ce mata Goggo. Ta amsa masa a hankali. Sannan ta ce a ba ni.

"Mamman, na san halinka. Ba na gani, kuma murya kowa yana da ita. Ka ce ya yi maka abin da Baba yake yi. Ka sa wayar kusa."

Yusuf ya buɗe zabirar. Ya zaro tsohuwar askar Kaka, mai ƙotar da hannu ya cinye har ta yi sheƙi. Na sunkuyar da kai, na ɗora wayar a kafaɗa.

Ƙwas. Ƙwas.

"Tashi, ka yi sabon kai."

Can sai muryar Inna ta fito daga wayar, siririya, kamar ta yarinya.

"Hannun Yaya ne. Wallahi hannun Yaya ne." Ta ja hanci. "Yusufu, ƙara."

Ya ƙara.

"Ƙara, ɗana."

Taubashi kuwa ya samu abin da yake so, sai ya ƙara ƙarfi. Tsofaffin unguwa suna dariya suna share hawaye, Alhaji Idi yana ƙirgawa da Faransanci, ni kuma ina durƙushe a lungun Hindawiyya cikin shadda ta biyu, ana ƙwanƙwasa mini kai da askar da na yi shekara da shekaru ina jin kunyar ambatonta. Ban ce a daina ba. Sai da Inna ta ce, "Ya isa. Yanzu in Baba ya tambaye ni, ina da amsa."

Wannan shi ne ƙullutun da Malam Bala yake leƙawa in ya ɗage mini hula. Ya kusa sacewa, kuma wallahi ba na so ya sace. Wanda kuma yake son sanin ko su wane ne manyan dangina na Jidda, ga amsa a rubuce: ni jikan wanzami ne, ɗan ƙanwar wanzami, taubashin wanzami.